Garin "sitem sel" da dashen ɓargo: wanne ne magani, wanne ne ciniki?

Baban Khairat, Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya fahimtar da ni. Ɗiyata SS ce, shekararta 9, kuma tun shigowar sanyi ciwon ya matsa mata. Wani mutum ya kawo mana wani gari a 'yan ƙunshi, wai sitem sel, ƙarƙashin harshe ake zubawa. Ya ce in ta sha na wata 6 jininta zai juye daga SS ya koma AS. Ya kuma nuna mini labari a waya cewa Ingila da Amurka sun amince da maganin da ke raba mutum da sikila kwata-kwata. Garin nan nasa da wancan na labarai abu ɗaya ne? Kuɗin da ya yanka sai na sayar da shinkafa kafin in haɗa.

Maman Sultan, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Baban Khairat, riƙe shinkafarka. Ƙanwata ta zuba kuɗin adashinta kaf a kan irin garin nan, aka koma gwaji, SS ɗin yaron na nan inda yake. Jira Dakta ya shigo.

Dakta Abu Amir:
Allah ya ba Khairat lafiya. Ba abu ɗaya ba ne, ko kusa.

A cikin ɓargon ƙashi akwai ƙwayoyin da su ne uwayen jini. Su ke haifar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke tsayar da jini in an ji rauni. Su ake kira sitem sel. Matsalar mai sikila tana cikin waɗannan uwayen, shi ya sa duk jan jinin da suka haifa da ita yake fitowa. Jar ƙwayar mai lafiya takan yi kwana wajen 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Uwayen nan abu ne mai rai, ba sa zama gari a leda, kuma duk abin da aka haɗiye ciki ne zai narkar da shi. Babu abin sha ko na ci a duniya da ke mayar da SS ya zama AS.

Warkewa ta gaske kuwa akwai ta, kuma tsohuwar hanyarta ita ce dashen ɓargo. A 1984 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wata yarinya mai shekara 8 da ta haɗa sikila da kansar jini. Don kansar aka dasa mata ɓargon ɗan uwanta, sai sikilar ma ta tafi. Daga nan aka kama hanya. Kai manomin shinkafa ne, ka san ba a dashe sai an share fili. Haka nan ma: sai an ba yaro magani mai ƙarfi, wato kemo, ya kashe ɓargonsa, sannan a ɗaura masa na ɗan uwansa ta jijiya kamar ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke neman cikin ƙashi su zauna. Makonnin da ake jiran su kama, yaro ba shi da garkuwar jiki, ƙaramin zazzaɓi na iya tafiya da shi, don haka a ɗaki na musamman ake keɓe shi.

Sharaɗin shi ne ɓargon ya dace, kuma gwajin HLA ke nuna haka. Ba shi ne gwajin AS da SS ba, ba kuma rukunin jini ba ne. Kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, damarsa ta dacewa 1 ce cikin 4. In an samu wanda ya dace kuma yaron ƙarami ne, wajen 9 cikin 10 suna rabuwa da ciwon. Sauran fa? Wani jikinsa ya ƙi dashen, wani sabon ɓargon ya juya ya riƙa yaƙar fatarsa da hanjinsa da hantarsa, wani kuma ya rasu a kan hanya. Dole in faɗi wannan. A Nijeriya an fara yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, sannan asibitin koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya suka fara nasu a 2024.

Baban Khairat, Argungu:
Na gode Dakta. To na Ingilan fa? Shi ma ɓargon wani ake sa wa?

Dakta Abu Amir:
A'a, shi da ɓargon mai ciwon ake yi. Sunansa Casgevy. Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba 2023, ga masu shekara 12 zuwa sama. Ana tace uwayen jinin mutum daga jikinsa, a kai su ɗakin bincike, a yi musu gyara da wata fasaha mai suna CRISPR, wadda matan nan biyu, Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna, suka samu lambar Nobel a kanta a 2020.

Gyaran abin sha'awa ne. Kun lura jariri SS ba ya fara ciwo sai ya kai wajen wata 6? Dalili, da wani irin jini ake haihuwar kowa, jinin ɗan tayi, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A take rufe shi. Masu binciken suka hana ta wannan aikin a cikin jan jini, sai jiki ya koma yin jinin jarirantaka. Wata mata Ba'amurkiya, Victoria Gray, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa, a 2019. A alƙaluman da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tashin ciwo mai tsanani.

Amma shi ma sai an sha kemo an share ɓargo kafin a mayar da ƙwayoyin da aka gyara, aikin kuma watanni yake ci. Farashinsa dala miliyan 2.2. Ɗan uwansa Lyfgenia, da aka amince da su rana ɗaya a Amurka, dala miliyan 3.1 ne, kuma an rubuta gargaɗin kansar jini a kansa saboda ta samu wasu daga cikin waɗanda aka gwada a kansu.

Maman Sultan, Birnin Kebbi:
Inna lillahi. Miliyan 2 na dala. Kasafin kuɗin asibiti guda ke nan a kan mutum ɗaya.

Kawu Na Gwandu:
Dakta, sannu da ƙoƙari, Allah shi biya. Amma ni hwa wani abu na daban ya dame ni. Dut waɗanga magunguna, ga jikin ɗiyan mutane anka gwada su. Mu da munka ga 1996 ba mu mance ba. Sanƙarau yas shigo Arewa, kamfanin Pfizer yaz zo Kano da Trovan, yara 200 anka sa cikin gwajin, 11 sunka rasu, wasu sunka nakasa. Iyaye sunka ce ba a gaya musu gwaji na ba. Kamfanin yac ce sanƙarau ya kashe su ba maganinsu ba, amma dai a 2009 sunka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kun san abin da wanga ya jawo ga rigakahin shan inna a 2003. Ni in anka ce bincike, jikana ba ya zuwa. Su gama gwadawa ga nasu, in ya yi kyau mu samu.

Malama Hadiza, Yauri:
Kawu, da girmanka, abin da ka faɗa kan Kano gaskiya ne, kuma bai kamata a manta ba. Amma ƙarshen maganarka shi ne halin da muke ciki yanzu, kuma bai yi mana daɗi ba. Sun gwada a kan nasu. Gwajin Casgevy a Amurka da Kanada da Turai aka yi shi. Ya yi kyau. Mun samu? An ƙera shi daidai asibitocinsu da inshorarsu da aljihunsu. Alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai 150,000 duk shekara, kuma wajen mutum 1 cikin 4 a cikinmu AS ne. Wa ya san yadda wanda aka share wa ɓargo zai kaya da zazzaɓin cizon sauro irin namu na bakin kogi? Ba wanda zai amsa wannan tambayar a Landan. In ba a yi binciken da mu ba, ba za a yi maganin don mu ba.

Kawu Na Gwandu:
Ɗiyata, magana tai daɗi ga baki. Ranar da yaro yam mutu cikin gwaji, wa za ki kama?

Malama Hadiza, Yauri:
Ranar da ya mutu a gida da ciwon ƙirji ba jini a kusa fa, Kawu? Shi ma ba wanda nake kamawa. Na binne ɗa guda ta wannan hanyar.

Kawu Na Gwandu:
Allah shi jiƙan shi, shi sa mai ceto na. Ban yi nufin tada miki ba.

Sista Rabi, Jega:
Amin. Ku bar ni in sa baki a nan, don na taɓa aikin karɓar amincewar iyaye a wani bincike. Tsoron Kawu shi ya haifar da ƙa'idojin da ake bi yau. Ba a fara gwajin magani a ƙasar nan sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba, NAFDAC ma ta yarda, kuma an yi wa gwajin rajista inda kowa zai iya dubawa a intanet. Dole a karanta maka takardar amincewa da harshen da kake ji, a faɗa maka haɗarin ɗaya bayan ɗaya, a ba ka lokaci ka je gida ka yi shawara. Kana da ikon cewa a'a, ko ka janye ɗanka a tsakiya, kuma ba za a daina duba shi a asibitin ba. Gwaji ma mataki-mataki ne: a fara da mutane kaɗan don a ga ko yana cutarwa, sannan a duba ko yana aiki, sannan a kwatanta shi da maganin da ake da shi.

Abin da nake so kowa ya riƙe: mai bincike na gaskiya ba ya sayar maka da maganin da yake gwadawa, kuma ba ya yi maka alkawarin warkewa. Duk wanda ya ce sabon abu ne daga waje, biya kafin a ba ka, tabbas za ta warke, wannan ya fi abin da Kawu ke tsoro muni, don shi ba kwamitin da ya duba shi, ba kuma wanda ke ƙirga waɗanda ya cutar.

Ban ce ƙa'ida ta hana ɓarna ɗungurungum ba. Takarda ce, mutane ke aiki da ita. Amma ita ce ta sa aka janye maganin sikila Oxbryta daga kasuwar duniya a Satumba 2024, bayan an amince da shi, saboda alƙaluman da aka ci gaba da tarawa sun nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa.

Anti Larai, Koko:
Ku yi haƙuri in karkata kaɗan. Ɗan yayana kansar jini ce ta tafi da shi yana shekara 7. Watanni ana maganin maleriya da taifot kafin a gano a Sakkwato. Na ji ana cewa yanzu akwai wanda ake horar da jinin mutum ya kashe kansar da kansa. Da gaske ne? Ina so in sani ko da ya wuce.

Dakta Abu Amir:
Allah ya jiƙansa, Anti. Da gaske ne, CAR-T ake ce masa. Ana tsamo wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin majiyyaci, a dasa musu umarnin gane wata alama da ke jikin ƙwayoyin kansar, a hayayyafa su miliyoyi, a mayar masa. Sai su bi kansar su kashe, kuma suna iya daɗewa a jiki suna gadi. Yarinyar da aka fara yi wa, Emily Whitehead, a 2012 ne a asibitin yara na Filadelfiya, bayan kansar ta dawo mata sau biyu. Saura kaɗan maganin ya kashe ta, don ƙwayoyin in suka kama faɗa sukan tayar da zazzaɓi mai zafi, bugun jini ya faɗi. Wani maganin ciwon gaɓoɓi aka ba ta ya kwantar da abin, kuma har yau da shi ake kwantar da wannan rikicin. Ta warke, ta girma. A 2017 Amurka ta amince da shi da sunan Kymriah a kan dala 475,000. A gwajin da ya kai ga haka, kusan 8 cikin 10 na yaran kansar ta ɓace daga ɓargonsu cikin wata 3, ko da yake ta dawo wa wasu daga baya.

Amma Anti, wannan na waɗanda kemo ya gaza a kansu ne. Irin kansar jinin da ta fi kama yara, a ƙasashe masu hali wajen 9 cikin 10 suna warkewa, galibi da tsofaffin magungunan kemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a can fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa suna rayuwa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. Abin da ke cinye namu shi ne wanda kika faɗa: jinkirin ganowa, sai rashin jinin ƙari, sai kuɗi su ƙare a tsakiyar magani a koma gida. Yaron da zazzaɓinsa ya ƙi jin magani, ya ɗashe, yana haɓo ko dasashinsa na jini, yana kukan ƙashi, a yi masa cikakken gwajin ƙirgen jini tun a makon farko.

Malama Hadiza, Yauri:
Kuma a kan CAR-T ɗin nan akwai abin da ke ƙarfafa maganata. Indiya ba ta tsaya jira ba. Masu bincike a Mumbai sun haɗa nasu, NexCAR19, suka gwada a asibitinsu na kansa, hukumarsu ta amince a Oktoba 2023, kuɗinsa kuma wajen kashi 1 cikin 10 na farashin Amurka. Bincikensu ne ya karya farashin, ba roƙo ba.

Malam Sani, Kamba:
Tambayata ta addini ce. Taɓa halittar da Allah ya yi, da sa ɓargon wani a jikin wani, ba matsala?

Ustaz Abu Hafsa:
Ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da Dakta ya bayyana, ƙwayoyin mutum ne na kansa ko na ɗan uwansa da ya yarda, ba na ɗan tayi ba, kuma manufar kawar da cuta ce. Ni a fahimtata ya fi kusa da ƙarin jini. Mai niyyar yi dai ya zauna da malaminsa da likitansa tare, kowa ya ji bayanin ɗan uwansa. Allah ne mafi sani.

Zee, Birnin Kebbi:
Tun ɗazu nake karantawa. Iyaye suna magana, likita yana magana, ba wanda ya tambayi mu masu ciwon. Ni SS ce, shekarata 27, ƙuguna ɗaya ya fara lalacewa. Na san zafin da kuke kallo daga gefen gado. Duk da haka akwai abin da aka bi ta kansa da sauri: kemon da ake share ɓargo da shi yakan kashe haihuwa, musamman ga mata. A can ana ciro ƙwan mace a daskarar kafin a fara. A nan wa zai yi mini? Kuma kun san garinmu, kun san yadda ake kallon matar da ba ta haihu ba. In aka yi wa yarinya 'yar shekara 9 dashe, ubanta ne ya sa hannu, ita ce za ta zauna da abin tana 25.

Ban ce kar a yi ba. Ni in aka ba ni dama yau wataƙila zan karɓa. Amma ni ce zan karɓa, da sanina.

Maman Sultan, Birnin Kebbi:
Zee 'yata, na ji ki har zuciyata. Amma uwa in ta ga ɗanta yana birgima tsakar dare, ba jikoki take tunani ba. So take ya kai gobe. Kuma Dakta ya ce a ƙuruciya dashen ya fi kamawa. In muka jira su girma su zaɓa, lokacin ya wuce.

Zee, Birnin Kebbi:
Gaskiya ne Mama, shi ya sa abin yake da wuya. Roƙona dai a faɗa wa yaron daidai hankalinsa, kar a ɓoye.

Dakta Abu Amir:
Zee ta taɓo babban abu, kuma kan sa ake bincike yanzu: yadda za a rage ƙarfin kemon, ko a maye gurbinsa da maganin da zai nufi ɓargo kaɗai. Ana kuma ci gaba da gwada dashe daga wanda rabin ɓargonsa ya dace, kamar uwa ko uba, don yawancin masu sikila ba su da shaƙiƙin da ya dace gaba ɗaya. In ƙara wani abu da mutane ba su sani ba: wanda ya warke ta dashe ko ta gyaran ƙwayar gado, jininsa ne ya canza, abin da zai gadar wa 'ya'yansa bai canza ba. S zai ba su. Gwaji kafin aure yana nan daram a kansa.

Baban Khairat, Argungu:
Dakta, tana da yayye maza 3, biyu AS ɗaya AA. Mai AS zai iya ba ta? Kuma shi mai bayarwa ba abin da zai same shi?

Dakta Abu Amir:
Mai AS yana iya bayarwa in HLA ɗinsu ya dace. Daga ƙashin ƙugu ake zuƙo ɓargon yana cikin barcin allura, ya yi kwanaki yana jin ciwon wurin, cikin makonni jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba.

Amma kafin maganar miliyoyi, tambaya biyu: tana shan haidroksiyuriya, wato maganin rage tashin ciwon sikila? An taɓa yi mata TCD, wato hoton gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa? In ba a bin yara SS da wannan gwajin, wajen 1 cikin 10 yakan samu shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai 20. Kawu, wannan amsar taka ce ma. A Kano da Kaduna aka yi gwaji a kan yara 220 da hotonsu ya nuna haɗari, likitocin asibitin Malam Aminu Kano na cikin jagororinsa tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka buga sakamakon a 2022. Ya nuna ko ƙaramin ma'auni na haidroksiyuriya yana kare yara daga shanyewar jiki a inda ƙarin jini duk wata ba zai yiwu ba. Wani gwajin maganin nan a Angola, Kongo, Kenya da Yuganda, a kan yara sama da 600, ya nuna raguwar tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa, har maleriya ta ragu kusan rabi. Haidroksiyuriya shi ma jinin jarirantakar nan yake ƙarawa. Ba ya warkarwa, kuma ba a sha sai likita ya auna nauyi yana bin ƙirgen jini, don haka kar ka saya a kemis da kanka. Ka kai ta asibitin koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi ko na Kalgo, ka nemi ganin likitan yara ko na jini, ka tambaye shi waɗannan biyun.

Baban Khairat, Argungu:
Folik asid da maganin maleriya kawai take sha. Litinin in Allah ya yarda za mu shigo Birni.

Kawu Na Gwandu:
Wanga na Kano ban san da shi ba, kuma na ji daɗin likitocinmu sunka riƙe shi. Amma ban sauka daga bakana ba dut. In za a zo Kebbi da gwaji, sharaɗina ukku: takarda da Hausa, in taho da mai karanta min wanda ni na zaɓa, kuma a rubuta wa za ya ɗauki nauyin yaro in abin ya ɓaci. A ƙara da cewa in maganin ya yi, ɗiyan da anka gwada gare su ba su saye nai da dala.

Malama Hadiza, Yauri:
Huɗu ke nan Kawu, kuma duk na sa hannu.

Sista Rabi, Jega:
Zan tattara su cikin tambayoyin da iyaye za su riƙa yi wa duk wanda ya zo da maganar gwaji, Dakta ya duba, mu maƙala a saman zauren nan. Wanda ke da ƙari ya rubuto kafin Juma'a.

Zee, Birnin Kebbi:
Sista, ki sa tawa: shin zai taɓa haihuwa, kuma an tambayi yaron shi kansa?